Wasan Tsakuwa Mai Koya wa Manya Lissafin Hatsi

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa.

A 1973 da aka bar fam aka kama naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule kwabo 10. Wanda bai iya lissafi ba shi ya sha wuya, har yau kuwa haka ne. Amma magidanci yana kunyar ɗaukar allo gaban yara, ba ya kunyar zaman dara.

To ga dabara. Ku taru mutum 10 bayan la'asar. Kowa a ba shi tsakuwa 40, tiya 40 ke nan, buhu guda. Ƙwayar wake ita ce naira. Zagayen fari kaka, tiya naira 1. Na biyu damina, tiya naira 2. Mutum ɗaya ya zama dillali, ya cire la'adarsa. Wanda ya sayar da buhunsa kaf da kaka, da damina ko rabin buhu kuɗinsa ba su saye. Gara ya ga haka a kan tabarma da ya gani a rumbunsa.

In an tashi, kowa ya ware uwar kuɗi daban, riba daban, ya rubuta bashi kamar yadda Suratul Baƙara ta umarta.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.