'Yan Matan Randagi da Shekarun da Daji Ya Cinye

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Motoci suka koma bin hanyar Kaduna, manoma suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Kasuwa dai da zarar ta ci sau biyu ta farfaɗo. Karatun da ya tsinke kuwa sai an bi shi da allura da zare.

Ɗauki yarinyar Randagi ta ƙasar Birnin Gwari da take aji uku lokacin da malamai suka daina kwana a ƙauye. Ba a ga laifinsu ba. A Maris ɗin 2021 an shiga firamaren Rama, nan cikin Birnin Gwari, aka tafi da malamai uku. A Maris ɗin 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga a Chikun. Uban da ya ji waɗannan, ko ba a rufe makaranta ba shi zai rufe ƙofarsa. To yau yarinyar nan ta zama budurwa. Haɗa baƙi ya gudu, farantin talla ya maye gurbin allo, masu zuwa zance sun fara sallama. Ka ce ta koma benci ɗaya da ƙannenta, su riƙa yi mata dariya in ta yi tuntuɓe a karatu? Ba za ta je ba, kuma gina sabon aji da fenti ba zai kai ta ba.

Akwai wadda ta fi ta shiga uku, ba a cika ambatonta ba: 'yar ruga a gefen dajin Kamuku. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, hedikwatarta ma a Kaduna take, amma rikicin nan ya sa yarinyar da ke shigo da nono gari ana yi mata kallon 'yar leƙen asiri. Sulhun da bai zaunar da ita tabarma ɗaya da 'yar gari ba, da sauransa.

Hanyar da ta dace da su ba baƙuwa ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajis, dattawan mata masu zuwa ƙauyuka suna karantar da matan da ba za su iya zuwa wurinta ba, aka kira su 'Yan Taru. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya irin wannan take yi a ƙauyukan Zazzau: a nemi yardar mai gari da liman da iyaye, a samo malama da suka sani, ta tara 'yan mata kaɗan a cikin gida, a fara da karatu da rubutu cikin Hausa da lissafi, sannan sana'a. Wadda ta iya lissafa ribar ƙosanta ta karanta saƙon wayarta da kanta, mijinta ma ba ya hana ta zuwa.

Kuɗi kuwa akwai. Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko a shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, mai dala miliyan 500, daga baya aka ƙara da sashen ba wa waɗanda suka bar makaranta dama ta biyu. Abin da mutanen Randagi za su tambayi kansila da sakataren ilimi shi ne: aji nawa aka ware wa mazaɓarsu, kuma wa zai biya malamar duk wata.