Final Fantasy VII: Yadda sabon salon faɗa ya raba kan masoyan tsohon gem

A daren 15 ga watan Yunin 2015, kamfanin Sony ya haska wani gajeren bidiyo a taron baje kolin wasannin gem na E3 a birnin Los Angeles na Amurka. Ba a nuna yadda ake buga wasan ba. Wani birni ne kawai mai duhu, da jirgin ƙasa, da yara a filin wasa, sai kuma ƙeyar wani saurayi mai tsayayyen gashi, saɓe da ƙaton takobi a gadon bayansa.

Ɗakin taron ya kaure da ihu. Kafin gari ya waye, YouTube ya cika da bidiyon manyan mutane, wasu da gemu, suna tsalle suna hawaye a gaban talabijin. Kamfanin Square Enix na Japan ne ya amsa roƙon da aka shafe shekara goma ana yi masa: zai sake gina Final Fantasy VII daga tushe.

Murnar ba ta kai wata shida ba. A watan Disambar shekarar aka fitar da bidiyo na biyu a wani taron PlayStation a San Francisco, a nan ne aka ga jarumin wasan, Cloud Strife, yana gudu yana sara da takobi kai tsaye, babu jiran layi. Daga bisani kamfanin ya sanar cewa wasan ba zai fito a dunƙule ba, kashi-kashi za a riƙa sakin sa. Tun daga ranar aka shiga jayayyar da har yau ba ta mutu ba.

Me ya sa tsohon wasan ke da wannan daraja?

Final Fantasy VII ya fito ne a Japan ranar 31 ga Janairun 1997 a kan na'urar PlayStation ta farko, a cikin faifai uku. Yana cikin nau'in wasannin da ake kira RPG, wato waɗanda mai bugawa ke shiga rigar jarumi ya bi dogon labari, yana ƙara ƙarfi yana tara abokan tafiya, har tsawon awa arba'in ko fiye. Wanda ya saba da gidajen gem na unguwa, inda ƙwallo da Mortal Kombat suka fi tashe kuma ake tashi cikin minti goma, zai iya mamakin wasan da ake kwashe makonni ana bugawa. To irinsa ne.

Labarin na wani kamfani ne mai suna Shinra da ke zuƙe ruhin duniya yana mayar da shi wutar lantarki, da kuma 'yan tawayen da suka tashi yaƙar sa daga unguwannin talakawa na birnin Midgar. Yoshinori Kitase ne ya ba da umarni, Tetsuya Nomura ya zana jaruman, Nobuo Uematsu ya tsara kiɗan. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10, kuma ga ɗimbin matasan Amurka da Turai shi ne wasan Japan irin wannan na farko da suka taɓa bugawa. A ƙarshen faifai na ɗaya, mugun labarin, Sephiroth, ya kashe Aerith, yarinya mai sayar da furanni da mai wasa ya yi awanni yana raino. Babu maganin da ke dawo da ita. Mutane da yawa har yanzu suna iya faɗin inda suke zaune a ranar da suka ga wannan wurin.

Salon faɗan wasan ya fi kama da dara fiye da dambe. Jarumai uku ne ke jeruwa a gefe guda, abokan gaba a ɗaya gefen. Kowane jarumi yana da wani ma'auni da ke cika a hankali, sai ya cika sannan mai wasa zai zaɓa masa abin yi daga jerin umarni: ya kai sara, ya yi tsafi, ya sha magani, ko ya kare kansa. Akwai kuma wasu duwatsu masu launi da ake kira Materia, waɗanda ake cusawa a makami ko sulke, kuma yadda aka haɗa su ne ke nuna gwanintar mutum. Saurin yatsa bai da wani tasiri sosai. Lissafi ne da haƙuri.

Kamfanin da kansa ya kunna wutar kwaɗayin. A taron E3 na 2005 ya nuna farkon wasan da sabon zane domin gwada ƙarfin PlayStation 3, sannan ya ce gwaji ne kawai. A Disambar 2014 kuma wani babban jami'insa, Shinji Hashimoto, ya hau dandamali a Las Vegas, aka haska sunan wasan, jama'a suka fara sowa, ashe tsohon ne za a sake sayarwa a PlayStation 4. An daɗe ana yi wa kamfanin shaguɓe a kan wannan rana.

A duk tsawon shekarun nan masoya sun haɗu a kan kalma ɗaya, a sabunta. Abin da ba su taɓa zama sun daidaita ba shi ne me za a sabunta, me za a bari.

Daga dara zuwa dambe

Sabon wasan, Final Fantasy VII Remake, ya fito ranar 10 ga Afrilun 2020, lokacin da kullen korona ya tsare rabin duniya a gida. Cikin kwana uku aka fitar da kwafi miliyan 3.5, zuwa watan Agusta kuma ya haura miliyan 5.

Faɗan cikinsa gauraye ne. Mai wasa yana juya jarumi da kansa, yana sara, yana kaucewa, yana karewa, duk a lokaci guda. Kowane sara yana ƙara cika tsohon ma'aunin nan. Idan ya cika, sai a danna maɓalli, lokaci ya yi sanyi kamar an tsayar da shi, jerin umarni ya buɗe a zaɓi tsafi ko magani ko wani bugu na musamman. Ana iya tsallakawa daga wannan jarumi zuwa wancan a tsakiyar faɗa, kuma kowa da halinsa: Cloud da nauyin takobi, Barret da bindigar da ke maƙale a hannunsa yana harbi daga nesa, Tifa da naushi, Aerith da tsafi. Wanda ya jagoranci tsara faɗan, Teruki Endo, daga kamfanin Capcom ya zo, inda ya yi aiki a kan wasannin Monster Hunter, kuma ana ganin hannunsa.

Masu sharhi da dama sun yaba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta ƙorafi a 2015 ma sun sauko bayan sun riƙe wasan a hannu, domin tsarin ya fi yadda aka zata zurfi: wanda ya ce sara kawai zai yi ta yi ba tare da lissafi ba, manyan dodannin wasan za su koya masa hankali. Akwai kuma alamun cewa masu aikin sun san tsohon wasan ciki da bai. Wani gida mai ƙafafu da hannaye da ake kira Hell House, wanda a 1997 ƙaramin abokin gaba ne mai ban dariya da ake cin karo da shi a hanya, an mayar da shi babban faɗa a filin dambe cike da 'yan kallo. Jessie da Biggs da Wedge, waɗanda a da ba su wuce 'yan rakiya ba, sun samu labarinsu, har mai wasa yana raka Jessie gidan iyayenta.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da hujja, kuma ba taurin kai ba ne kawai kamar yadda ake yawan yi musu kallo. Wanda ya buga wasan yana ɗan shekara goma sha biyar, a 2020 ya kusa arba'in, ga aiki ga iyali. Abin da yake so shi ne ya zauna bayan sallamar yara, ya yi tunani a tsanake, ya danna. Wasu kuma suna da larurar hannu ko ta gani da ba za ta bar su su bi faɗa mai sauri ba, alhali tsohon salon bai taɓa hana su wasa ba. Sannan akwai masu cewa jiran nan kansa wani ɓangare ne na daɗin: kana kallon ma'auninka yana rarrafe, jinin jaruminka saura ƙiris, kana addu'ar ya cika kafin dodo ya motsa. Idan aka cire wannan, a ganinsu, an bar suna da fuskoki ne aka canza wasan.

Kamfanin ya yi ƙoƙarin lallashi. A taron gem na Tokyo a Satumbar 2019 ya sanar da wani zaɓi mai suna Classic, inda jarumai ke sara da karewa da kansu, mai wasa kuma ya tsaya ga zaɓar umarni. Amma da wasan ya fito sai aka tarar an ɗaure wannan zaɓi da matakin wasa mafi sauƙi. Mutanen da suka fi kowa sanin wasan, su ne aka miƙa wa abin da ya yi kama da na 'yan koyo. Sai a Yunin 2021, da aka sake fitar da wasan a PlayStation 5, aka ba da damar buga Classic a matsakaicin mataki. Ko a hakan ma, jaruman na ci gaba da zagaye fili suna dambe, ba su koma layi ba.

Batun kuɗi da fatalwowi

Rarraba wasan ya fi taɓa aljihu. Kitase ya bayyana tun 2015 cewa idan aka ce sai an cusa komai a wasa ɗaya da ingancin zamani, dole a yanke sassa da yawa. Abin da aka samu shi ne, birnin Midgar, wanda a tsohon wasan ake gamawa da shi cikin awa biyar zuwa shida, ya zama cikakken wasa na awa talatin zuwa arba'in a kan dala 60. Wani ƙarin ya yi armashi. Wani kuwa, kamar aiken nemo kyanwoyin wata yarinya a lungunan unguwa, ko doguwar tafiya a magudanar ruwa, kowa ya gane an ja shi ne don a cika awanni. Kashi na biyu kuma bai fito a PlayStation 4 ba, don haka wanda ya fara tafiyar a can sai da ya sayi sabuwar na'ura ko ya jira na kwamfuta.

Abin da ya fi tayar da ƙura bayan fitowar wasan ma ba faɗan ba ne. An shigo da wasu halittu masu kama da fatalwa da ake kira Whispers, waɗanda aikinsu shi ne su hana labarin kaucewa daga yadda ya gudana a 1997. Duk lokacin da wani abu zai canza, sai su yi dafifi su mayar da shi kan hanya. A ƙarshen wasan, jaruman suka yaƙe su suka ci nasara, aka kuma nuna Zack, abokin Cloud da kowa ya san ya mutu, yana raye. Masoya da yawa sun fassara fatalwowin a matsayin su kansu, masu cewa kada a taɓa komai. Wasu abin ya burge su. Wasu kuma suka ji an karɓi kuɗinsu an kuma yi musu habaici, tunda sunan da ke kan kwalin sabuntawa ya ce, bai ce ci gaba ko sabon labari ba. Wannan ƙorafi na ƙarshe yana da wuyar turewa.

Kashi na biyu, Final Fantasy VII Rebirth, ya fito ranar 29 ga Fabrairun 2024. Ya samu maki 92 a shafin Metacritic mai tattara hukuncin masu sharhi, wanda ya zarce na farkon. Duk da haka Square Enix ya shaida wa masu zuba jari cewa cinikinsa bai kai yadda aka yi tsammani ba. Kowane ɓangare ya ja wannan labari zuwa gefensa. Masu son tsohon salo suka ce ga sakamakon watsi da su. Wasu suka nuna cewa wasan ya fito ne a na'ura ɗaya tak, kuma kashi na biyu na kowane labari ba ya samun wanda bai buga na farko ba. Kamfanin dai ya ce zai riƙa fitar da manyan wasanninsa a na'urori daban-daban, kuma Rebirth ya isa kwamfuta a Janairun 2025.

Hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce matasan yanzu ba su da haƙurin jiran layi. Naoki Yoshida, furodusan Final Fantasy XVI, ya faɗi makamancin haka a 2022 lokacin da yake bayanin dalilin da ya sa nasa wasan ya koma faɗa kai tsaye. Amma kasuwa ta yi ta kawo misalan da ke ƙaryata wannan zato. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda faɗansa bi-da-bi ne zalla, shi ya lashe kyautar gwarzon wasa ta The Game Awards a 2023. Square Enix da kansa ya sabunta Dragon Quest III a Nuwambar 2024 ba tare da ya rushe tsarin faɗansa ba, aka kuma fitar da kwafi miliyan 2 cikin 'yan makonni. Sai kuma Clair Obscur: Expedition 33, na wani ƙaramin kamfani a Faransa mai suna Sandfall, wanda ya fito a Afrilun 2025 da jarumai jere a layi da zane na zamani, ya sayar da miliyan ɗaya cikin kwana uku. Ga masu ƙorafin 2015, wannan ne wasan da aka ce musu ba zai yiwu ba.

Tsohon Final Fantasy VII bai ɓace ba. Ana sayar da shi a PlayStation da Xbox da Switch da kwamfuta da wayar hannu, a farashin da bai kai rabin na sabon ba, kuma wasu masoya sun yi shekaru suna gyara masa zane da kansu a kwamfuta domin su samu abin da suka roƙa tun farko.

A Yunin 2022 kamfanin ya tabbatar cewa kashi uku ne za a yi, na ukun kuma shi zai rufe labarin, ƙarƙashin jagorancin Naoki Hamaguchi. Rebirth ya tsaya ne daidai wurin da faifai na ɗaya ya tsaya a 1997, wato kan makomar Aerith, kuma ya nuna ta a yanayin da har yanzu masu wasa ke gardamar ko ta mutu ko tana raye.