ƘURI'AR SAMARI DA RUWAN SAMA: LABARIN OSTIRALIYA

A wannan mako za a ɗan ajiye maganar taki da feshi, a ba manoma labarin wata ƙasa mai nisa, watau Ostiraliya, inda fari da gobarar daji da ambaliya suka bi juna cikin shekara biyar, har samari da 'yan matan ƙasar suka ɗauki maganar suka kai ta akwatin zaɓe. Wanda ya ce ina ruwan manomi da wannan, to, ya yi haƙuri ya karanta, gama gonaki ne suka fara shan wuyar.

Ostiraliya ƙasa ce ta noma da kiwo. Tana cikin manyan masu sayar wa duniya alkama da naman shanu, wajen fitar da ulun tumaki kuwa babu ƙasar da ta kai ta. Amma kuma tana da kwal mai yawan gaske, irin wanda aka daɗe ana haƙa a Inugu, tana tura shi ƙasashen waje jirgi bayan jirgi. To, masana sun tabbatar hayaƙin da ke fita in an ƙona kwal da man fetur da gas ya kan taru a sararin sama, ya tsare zafin rana kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jiki. Da haka duniya ta ke ƙara zafi, damina ta rikice, inda a ke fari ya daɗa tsanani, inda a ke ruwa ya zo da yawa a lokaci guda. Wannan shi a ke kira sauyin yanayi. Ke nan abin da ke kawo wa baitulmalin ƙasar kuɗi shi ne kuma ke taya ɓata mata gonaki, shi ya sa maganar ta daɗe tana raba kan 'yan siyasarsu. Cikin 1917 ba a san wannan gardama ba, amma shekara ɗari bayan nan, cikin 2017, sai ga wani minista, Scott Morrison, ya shigo majalisa da dunƙulen kwal a hannu, yana ce wa abokan hamayya kada su ji tsoronsa. Shekara guda bayan haka ya zama Firayim Minista.

FARI, WUTA, RUWA

Daga 2017 zuwa 2019 aka yi fari mai tsanani a gabashin ƙasar. Cikin watan Agusta 2018 hukuma ta ce jihar New South Wales ɗungum tana cikin fari. Makiyaya suka yi ta sayar da dabbobi don babu ciyawa, har yawan tumakin ƙasar ya sauka ƙasa da yadda aka gani cikin shekara ɗari. Kogin Darling ya tsaya, kifi ya mutu ya rufe bisa ruwa. Waɗansu garuruwa sai da aka riƙa kai musu ruwan sha a tanka. Abin da ya fi ba da mamaki, cikin 2019 ƙasar da ta saba ciyar da waɗansu sai da ta sayo alkama daga Kanada, rabonta da yin haka kuwa ya fi shekara goma. Shekarar nan ta 2019 ita ce mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwa tun da aka fara rubuta lissafin ruwan sama a can.

Ga daji ya bushe ƙayau, sai wuta. Bazararsu ta kan faɗo ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da a ke hunturu a nan. Gobarar da aka yi daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ta ci wajen hekta miliyan 24, watau kimanin rubu'in faɗin Nijeriya duka. Mutum 33 suka mutu cikin wutar, gidaje fiye da 3,000 suka ƙone, ban da shanu da tumaki da shinge da rumbunan ciyawa. Ana cikin wannan hali sai aka ji Firayim Minista ya tafi hutu tsibirin Hawayi da iyalinsa. Ya dawo ya ba da haƙuri, amma mutane ba su manta ba.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ruwa. Ran 28 ga Fabrairu 2022 kogin da ya ratsa garin Lismore ya hau mita 14.4, wajen ƙafa 47 ke nan, ya ɗara mafi girman ambaliyar da aka sani a garin da mita biyu. Mutane suka hau rufin ɗaki, maƙwabta masu ƙananan jirage suka bi gida gida suna kwaso su. Birnin Birisben ma ruwa ya ci unguwanni da yawa cikin makon nan.

Ofishin gwamnatin ƙasar mai binciken arzikin noma ya yi lissafi cikin 2021, ya ce sauyawar damina da zafi daga 2001 zuwa 2020 ta rage ribar gona da wajen kashi 23 cikin 100, in an gwada da yadda yanayi ya ke tsakanin 1950 da 2000. A ce manomi yana cin ribar buhu ɗari, an zare masa ashirin da uku kowace shekara, ba ɓarawo, ba fara.

YARA SUN FITO, BABU ƘURI'A

Cikin 2018 wata yarinya a Suwidin, Greta Thunberg, ta fara ƙin shiga aji tana zama a ƙofar majalisar ƙasarsu saboda maganar yanayi. Waɗansu 'yan makaranta a wani ɗan gari wai shi Castlemaine a jihar Biktoriya suka ji labari suka kwaikwaya, kafin ƙarshen Nuwamba abin ya watsu manyan birane. Firayim Minista ya ce su koma aji su yi karatu. Cikin Satumba 2019 waɗanda suka shirya taron suka ce mutum wajen 300,000 suka fito a faɗin ƙasar.

Amma fa a lura da wannan. An yi zaɓe cikin Mayu 2019, ana tsakiyar fari, ana tsakiyar zanga-zangar yara, duk da haka Morrison da jam'iyyunsa biyu masu ƙawance, Libaral da National, suka sake ci. Yawancin yaran da suka cika titi ba su kai shekara 18 ba, ba su da ƙuri'a, ɗan siyasa kuwa ba ya ƙirga kwalaye da tutoci, takardun cikin akwati ya ke ƙirgawa.

DABARAR INDI

Dabarar da ta yi aiki daga baya daga ƙauye ta fito. Akwai wata mazaɓa ta manoma da makiyaya a arewa maso gabashin Biktoriya, sunanta Indi. Wajen 2012 mutanen wurin suka ga wakiliyarsu ba ta sauraronsu. Sai suka fara zama ƙungiya ƙungiya a gidajen juna, mutum goma ko ƙasa da haka, ana shan shayi, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, wani yana rubutawa. Aka tara abin da aka rubuta, sa'an nan aka nemi wanda zai tsaya a kansa ba tare da jam'iyya ba, watau indifenda. Suka tsai da wata mata, Cathy McGowan, wadda ke da gona, ta kuma taɓa shugabancin ƙungiyar mata manoma ta ƙasar. 'Ya'yan yankin da suka tafi Melbon karatu da aiki suka riƙa dawowa gida suna bi ƙofa ƙofa. Cikin 2013 ta ci da ratar ƙuri'a 439 kacal. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ga shi an ɗauka.

Wannan dabara ce mutanen birane suka ara. Da zaɓen 2022 ya zo, a mazaɓu da dama na Sidni da Melbon da Fat aka tsai da indifenda, kowacce da magana guda a gaba: a rage hayaƙi, a kuma rubuta adadin a doka. A Birisben samarin jam'iyyar Greens, masu rajin kare muhalli, suka shekara suna buga ƙofofin gidaje dubbai, da ambaliya ta zo kuma suka ajiye neman ƙuri'a suka shiga kwasar laka da mutanen unguwa.

Ran 21 ga Mayu 2022 aka jefa ƙuri'a. Gwamnati ta faɗi. Jam'iyyar Leba ta sami kujera 77 cikin 151, Anthony Albanese ya zama Firayim Minista. Sababbin indifenda shida, dukansu mata, suka ƙwace kujerun da Libaral ta daɗe tana ganin gadonta ne, har Ministan Kuɗi, Josh Frydenberg, ya sha kaye a hannun wata likitar yara, Monique Ryan. Greens ta tashi daga kujera ɗaya zuwa huɗu, uku daga ciki a Birisben, biyu daga cikin waɗanda suka ci kuwa ɗaya shekararsa 30, ɗaya 29. Binciken da wata babbar jami'ar ƙasar ta yi bayan zaɓe ya nuna cikin masu jefa ƙuri'a da ba su kai shekara 40 ba, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya zaɓi jam'iyyun gwamnati. Lalle akwai tsadar kaya cikin dalilan, akwai kuma ƙosawa da shi kansa Morrison, amma maganar yanayi tana sahun gaba. Kada kuma a manta a can jefa ƙuri'a tilas ne tun 1924, wanda ya ƙi ba dalili a ci shi tarar dala 20, saboda haka wajen mutum tara cikin goma ke fita, yaro da babba.

Cikin Satumba 2022, wata huɗu bayan zaɓe, majalisa ta zartar da doka: kafin 2030 a rage hayaƙi da kashi 43 cikin 100 bisa ga na 2005. Tsohuwar gwamnati kashi 26 zuwa 28 ta yi alkawari.

ABIN DA BAI SAKE BA

Ga wani abu da ya kamata manomi ya tsaya a kansa. Jam'iyyar National, wadda ke riƙe da mazaɓun karkara da yawa, kuma ta fi kowa goyon bayan kwal, ko kujera ɗaya ba ta rasa ba a Majalisar Wakilai. Har mazaɓar da Lismore ke ciki, inda ruwa ya kai rufin ɗaki wata uku kafin zaɓe, wakilinta na National ya koma. Ba wai manoma ba su damu ba ne. Akwai ƙungiyar manoma dubbai da ke neman a ɗauki mataki, babbar ƙungiyar manoman ƙasar ma cikin 2020 ta yarda da a kai ga daidaita hayaƙi kafin 2050. Amma karkararsu tsofaffi sun fi yawa, samari sun tafi birni, a can su ke jefa ƙuri'arsu. Saboda haka masifar ta faɗa wa gona, hukuncin kuwa a birni aka yanke shi.

Doka kuma ba ta sa ruwa ya sauka a kan kari. Sabuwar gwamnatin ta ci gaba da ba da izinin faɗaɗa waɗansu mahaƙan kwal da gas, abin da ya ɓata wa samarin da suka taimake ta rai. A zaɓen Mayu 2025 Leba ta sake ci da kujera 94, amma Greens ta rasa uku cikin huɗun nan, har da na samarin biyu. Ƙuri'a kamar gona ta ke, wanda ya nome bana ya kwanta baɗi, ciyawa zai tarar.

TO, A NAN GIDA FA?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cikin 2022 ɗin nan da ruwa ya ci Lismore, ambaliya a Nijeriya ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, manoman shinkafa na Jigawa da Kogi da Binuwai sun san abin da suka yi hasara. Wata huɗu bayan nan, ran 25 ga Fabrairu 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Mutum miliyan 93 ke da rajista, wajen miliyan 37 daga ciki 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, amma waɗanda suka fita jefa ƙuri'a gaba ɗaya wajen miliyan 25 ne. Cikin Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri.

Hayaƙin da ƙasar nan ke fitarwa kaɗan ne in an gwada da na manyan ƙasashe, dokar sauyin yanayi kuwa an sa mata hannu tun Nuwamba 2021. Saboda haka tambayoyin da saurayi manomi zai yi wa ɗan takara na kusa ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, shin wa zai kai wannan labari ƙauye da Hausa kafin a yi shuka? Iri mai saurin nuna, kamar geron Sosat da masarar Samaru, a ina za a same shi, nawa ne kuɗinsa, cikin wane wata? Malamin gona nawa ne a ƙaramar hukumar, yaushe rabon da a ɗauki sabo? Mutanen Haɗeja da Nguru su tambayi wa zai share kacalar da ta toshe kogi, na ƙarƙashin madatsa su tambayi yaushe aka duba bangonta. A zauna a majalisar ƙofar gida ko bayan taron gayya a rubuta waɗannan, ɗan takara ya amsa a gaban dagaci da jama'a, a ajiye takardar. Tun 2018 ma doka ta yarda ɗan shekara 25 ya tsaya takarar majalisar jiha ko ta wakilai.

Sai dai akwai matsala guda irin ta karkarar Ostiraliya. Da rani a kan yi zaɓe a nan, lokacin da samarin ƙauye su ke Kano da Legas da Fatakwal wajen cin rani, mutum kuwa ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa ya ke. Wanda ya yi rajista a gida ya sa kuɗin motar dawowa cikin lissafinsa tun da kaka. Wanda ya yi a birni alhali gonarsa tana ƙauye, hukumar zaɓe ta kan yarda a mai da rajista wata rumfa, amma sai a lokacin da aka buɗe rajista, tun kafin zaɓe ya matso.