Maƙoƙo: Tsakanin Ƙwaƙwalwa da Gishirin Miya

Daga Malisa har Gwandu da Kalgo, da wuya a sami dattijon da bai taɓa ganin mai maƙoƙo ba. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce gado. To, masana sun bi sawun abin har gindinsa, ga kuwa yadda yake.

Jikin ɗan Adam yana da manzanni masu tafiya cikin jini, likitoci suna kiransu homon. Tsarinsu kamar na sarauta ne. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani gurbi, shi ne Sarki. Yakan aika da ɗan ƙanƙanen saƙo mai suna TRH zuwa ga wani ƙullutu da ke ƙarƙashinsa, mai girman ƙwayar wake, watau Hakimi. Hakimi kuma ya aika da nasa, TSH, zuwa ga ƙullutun gaban wuya, watau Dagaci. Aikin Dagacin nan haɗa homon mai lura da ɗumin jiki da girma da kaifin hankali, amma ba ya iyawa sai da sinadarin aidin. In aidin ya yi ƙaranci, haraji bai cika ba ke nan. Sai sama ta dinga turo manzo bayan manzo, ƙullutun wuya ya yi ta fama har ya kumbura. Wannan shi ne maƙoƙo.

Ba a gane sigar saƙon Sarkin nan ba sai cikin 1969, a Amurka, a hannun Roger Guillemin da Andrew Schally, kowa da jama'arsa. Sai da Guillemin ya tace ƙwaƙwalen tumaki dubu ɗaruruwa kafin ya sami miligiram ɗaya. An ba su kyautar Nobel cikin 1977.

Amma kumburin wuya shi ne ƙaramar hasara. In mace mai ciki ta rasa aidin, ƙwaƙwalwar jaririnta ba ta ginuwa sosai. Sau da yawa yaron da muke kira daƙiƙi a aji, tun yana ciki aka tauye shi, kuma bulala ba ta mayar masa da abin da ya rasa.

Rigakafin kuwa mai araha ne. Suwizalan ta fara zuba aidin cikin gishiri a 1922, Nijeriya kuma ta wajabta haka a 1993. Sai dai gishirin gargajiya, irin su kantun Bilma da gishirin Foga, ba ya bi ta masana'anta, balle a zuba masa. Mai aidin ɗin ma, in an bar shi buɗe a rana ko a laima, ƙarfinsa raguwa yake yi.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna su faɗakar da iyaye: a sayi gishirin leda mai shaidar aidin, a ajiye shi a rufe. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura kuwa, ya tafi asibiti a duba shi, gama ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.