Abin da Maƙerin Takalmin Doki Yake Koya Daga Mai Doki

A ƙasarmu yawancin dawaki ba a sa musu takalmi, domin ƙasa mai rairayi ba ta cin kofato sosai; yanke shi kawai ake yi. Amma a Ingila, inda doki yake taka duwatsu da kwalta, buga takalmin ƙarfe sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta sun haɗa ƙungiya a birnin Landan tun 1356, kuma dokar 1975 ta hana wanda ba shi da rajista ya riƙi wannan sana'a. Koyonta kan ɗauki kusan shekara huɗu. Duk da wannan horo, akwai abin da maƙeri ba zai sani ba sai daga bakin mai doki.

Bari mu duba dalili. Kofato yakan ƙaru da milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka kusan kowane mako shida sai a cire takalmi, a yanke kofato, a goge da magagari, a sake bugawa. Ke nan maƙeri yana ganin dokin na sa'a guda, mai shi kuwa yana tare da shi kullum. Doki ba ya magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shi ya sa gwani ba ya ɗaukar guduma sai ya yi tambaya. Dokin yana tuntuɓe? Da wace ƙafa? Bargarsa a bushe take? An sauya masa abinci? Kowace amsa tana da amfani. Barga mai laima takan ruɓar da ƙarƙashin kofato har ya yi wari. Yawan hatsi yakan kawo kumburi a cikin kofato, wanda ke iya naƙasa doki. In kuwa takalmin gaba yana yawan fita, mai yiwuwa ƙafar baya ce take take shi.

Bayan aiki ma sauraro bai ƙare ba. A ƙasan kofato akwai wani siririn farin layi inda ƙusa ya kamata ta bi. In ta karkata ciki kaɗan, sai ta matsi tsoka, amma ɗingishin ba lalle ya bayyana nan take ba, sai bayan kwana ɗaya ko fiye. A lokacin maƙeri ya tafi. In shi mai fushi ne da gyara, mai doki zai yi shiru ya nemi wani, shi kuwa ya ci gaba da maimaita kuskurensa a kan dawakin mutane. In ya saurara, sai ya dawo ya zare ƙusar kafin wurin ya yi mugunya.

Wannan ba ya nufin duk abin da mai doki ya ce daidai ne. Wani yakan so a jinkirta yankan don tsimin kuɗi. Maƙeri nagari yana rarrabe abin da mutum ya gani da abin da yake zato, ya yi bayani cikin ladabi, in ciwon ya fi ƙarfinsa ya tura wa likitan dabbobi.

Ɗalibanmu da ke fita bana, wasunku za su zama malamai, wasu ma'aikatan jinya, wasu kafintoci. Wanda kuka yi wa aiki zai zauna da aikin bayan kun tafi. Ku koma ku tambaye shi yadda ya same shi.