KAFIN KU BA MAGINI AIKI, KU BINCIKA

Ƴan'uwa manoma, kaka ta yi, hatsi ya shigo gida. Yanzu ne ƙungiyoyi ke tara kuɗi don gina mangaza ko bankin cimaka. Guminku na shekara guda ne zai kwana cikin ɗakin nan. In magini ya yi ha'inci, ruwan Agusta zai tona shi, amma ku ne za ku yi asara.

Ku tuna damanar 2024. Ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a ƙasarmu, da yawa gini ne ya faɗa musu. Ran 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, bayan ya haura shekara 150 a tsaye. Ruwan da ya kada aikin magabata ba zai bar aikin ganganci ba.

YADDA AKE A DA

A biranen ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce, kuma tana da shugaba, Sarkin Magina. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗora azara ko ya ɗaure bakan gizo. Irin waɗannan magina ne suka ja ganuwar Damagaram zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ba su da takarda. Shaidarsu ita ce maigidan da ya koya musu, da ginin da kowa ke gani. Falke Barmu na garin Yama, cikin jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya.

Yau siminti ya shiga ƙauye. Wanda ya yi wata uku yana lebura sai ya sayi cokali ya ce shi magini ne. Don haka bincike ya zama tilas.

ABIN DA ZA KU TAMBAYA

In ƙaramin aiki ne, ku tambayi maginin wa ya koya masa. In ya ce ya yi makarantar koyon sana'a, ya nuna takardarsa, kamar ta CAP. Sa'an nan mutum biyu su je su ga ginin da ya yi wanda ya sha damana uku. Gani ya kori ji.

In babban aiki ne na ɗan kwangila, ya kawo rajistan kasuwanci, da lambar haraji da ake kira NIF, da takardar amincewar gwamnati mai nuna girman aikin da aka yarda ya ɗauka. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Ku duba ko sunan da ke takarda nasa ne, don akwai masu aron ta wani.

AWON DA BA A WASA DA SHI

Buhun siminti kilo 50 ne. Kankaren ginshiƙi yana son buhu 1, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa. Mai ƙara yashi don ya rage siminti, aljihunku yake yanka.

Yashi mai laka ba ya kama siminti. Ku zuba shi cikin kwalba da ruwa, ku girgiza, ku ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a bisa, a canza yashi.

Bulo da kankare suna son ban ruwa safe da marece har kwana 7. Ƙarfinsu ba ya cika sai kwana 28. Bulon da ke marmashewa in an murza shi da yatsa, kada ya hau bango.

Ga dabarar gane kusurwa. Ku auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan. Tsakanin alamun biyu ya zama 100 cif. In bai kai ba ko ya wuce, ɗakin ya karkace.

In ginin ƙasa ne, a haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri, a ɗaga daɓe sama da hanyar ruwa, indararo kuma ya zubar nesa da gindin bango. Yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko.

KU RUBUTA, KU SA HANNU

Ku rubuta faɗi da tsawon ɗaki, yawan buhun siminti, kuɗin aiki da ranar gamawa. Maigari da shaidu biyu su sa hannu. Kada ku biya duka tun farko. Ku biya kashi-kashi: bayan tushe, bayan bango, bayan rufi. A kwangilar gwamnati ma ana riƙe har kashi 5 cikin 100 sai wa'adin garanti ya cika. Ku ma ku riƙe wani abu sai ɗakin ya ga damana guda.

Maginin kirki ba ya jin haushin tambaya. In wani ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, ku tambaye shi inda zai rage, don araha ba ta ado.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi a taron ƙungiya, kafin a haƙa tushe. Allah ya tsare mana abin da muka noma.