Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Hayaƙi Ke Juya Garkuwar Jiki Ta Cinye Huhu

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. A fagen kiwon lafiya, da wuya a sami inda wannan karin magana ya zauna daram kamar ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wanda likitoci ke kira COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, wato a shekarar shi ne ya zo na uku a jerin cututtukan da suka fi kisa. Abin al'ajabi kuwa, mafi yawan ɓarnar da ake gani a huhun mai wannan ciwo, ƙwayoyin da aka halitta domin su tsare shi ne ke yin ta.

Huhun ɗan Adam na ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, waɗanda ta bangonsu iskar da muka shaƙa ke ratsawa cikin jini. A cikinsu akwai masu gadi, wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj, masu haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. Idan hayaƙi ya zama na kullum, sai aikin ya fi ƙarfinsu, su nemi agajin wata runduna daga jini mai suna niyutrofil. Makamin wannan runduna wani sinadari ne mai narkar da abokin gaba, amma bai san na gida ba: yana tsinka zaren roba da ke sa huhu ya buɗe ya kuma koma.

Jiki na da linzamin da yake ja wa wannan makami, wani furotin da hanta ke samarwa, alfa-1 antitiripsin. A 1963, masana biyu a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, Laurell da Eriksson, suka lura cewa waɗanda aka haifa da ƙarancinsa huhunsu kan lalace tun da sauran ƙuruciya. Daga baya aka gano hayaƙin taba yana raunana linzamin ko ga wanda aka haifa lafiya lau. Da haka bangon jakunkunan ke rushewa, hanyoyin iska su ƙuntata, majina ta yi yawa, iska ta shiga amma fitarta ta zama aiki. Su kansu makrofaj sukan gajiya, su kasa haɗiye ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, shi ya sa ciwon ƙirji ke ta komowa. A wurin mutane da dama, kumburin kan ci gaba ko bayan sun daina shan taba, kuma jakar iskar da ta rushe ba ta sake tofowa.

Wani zai ce ai wannan matsalar mashaya sigari ce. To, garkuwar jiki ba ta tambayar daga ina hayaƙi ya fito. Uwar da ta shekara talatin tana hura itace da kara a madafar da ba ta da taga, da goyo a bayanta, da mai tuyar ƙosai, da mai gashin tsire, duk suna cikin wannan hatsari, ga kuma ƙurar hunturu na ƙara musu nauyi. Haka nan wanda ya warke daga tarin fuka, sau da yawa yakan rayu da tabon yaƙin da garkuwarsa ta gwabza a huhunsa. Amma idan dattijuwa ta fara haki daga ɗaki zuwa zaure, sai mu ce tsufa ne, ko sanyi ya kama ta, mu sayo mata maganin tari a kemis.

Sanin wannan ya kamata ya sauya mana hali. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kashe wutar da garkuwa ta kunna. Shan ƙwayoyin sitiroyid barkatai kuma na iya jawo ciwon sukari da raunin ƙashi. Ko na shaƙa ma ya fi amfanar masu yawan wata ƙwayar garkuwa da ake kira iyosinofil, abin da awon jini ke nunawa. Tabbatar da ciwon kuwa sai da na'urar awon ƙarfin numfashi, wadda ya dace a ce kowane babban asibitin jiha yana da ita tare da wanda ya iya aiki da ita.

Saboda haka, tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti. Magidanta su buɗe wa madafa taga, a riƙa busar da itace, a nisanta yara daga murhu. Hukumomi kuma su ɗauki sauƙaƙa farashin iskar gas da ingantattun murahu a matsayin aikin lafiya, daidai da gina asibiti. Daina shaƙar hayaƙi a kowane mataki yana rage saurin lalacewar huhu, kuma abin da aka tsirar yau, da shi za a numfasa gobe.